Mashaya da Majalisa: Tarihin Gidan Sha da Wurin Hira a Garuruwan Hausa



Gabatarwa

Akwai kalmomi a harshen Hausa waɗanda rubutun boko ya kan haɗe su su zama ɗaya, amma bakin Bahaushe ya raba su. Kalmar ma'aikata misali ce da ta shafi rabin mutanen da ke cikin zauren nan. Idan aka ɗaga murya a kan gaɓoɓinta duka, ana nufin wurin aiki. Idan kuwa aka sauke ta a tsakiya, ana nufin masu aikin. Haka kalmar mashaya ta ke: da wani karin sauti tana nufin masu sha, da wani kuma tana nufin wurin sha. Shi kansa wurin shan ya rabu biyu. A wurin makiyayi na ƙasar Birniwa da fadamun kogin Haɗeja, mashaya ita ce gaɓar ruwan da aka keɓe wa shanu a ƙarshen burtali, abin da har shari'a a kan yi a kansa idan manomi ya kewaye ta da shinge. A wurin mutumin birni kuwa, mashaya ita ce gidan giya, inda mai mutunci ba ya son a ga takalminsa a ƙofa.

A kan wannan mashaya ta biyu laccar nan ta ke. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa jami'a da gidan giya, abin da addini ya haramta, doka kuma ta hana? Amsa ita ce, tarihi ba kayan lefe ba ne, balle a zaɓi masu kyau a nuna wa dangi a ɓoye sauran. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wasu ƙasashe wurin sha da wurin hira abu ɗaya ne, amma a ƙasar Hausa tarihi ya raba su: ya fitar da giya bayan ganuwa, ya bar hira a cikin gari. Wanda ya fahimci yadda wannan rabuwa ta auku, shi ne zai gane abin da ya wuce, da abin da ya rage, da kuma abin da ke shirin salwanta ba a lura ba.

Misali Daga Ingila

A Ingila akwai gidan sha na unguwa da su ke kira "pub", kalmar da aka gajarce daga wata mai ma'anar gidan jama'a. Tun a 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama a ƙofar gidajensu domin masu binciken hukuma su gane su. A 1830 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta bai wa duk mai biyan harajin gida damar dafa giya ya sayar, muddin ya biya ɗan kuɗin lasisi, sai gidajen suka yawaita a biranen masana'antu. A cikinsu leburori ke kafa ƙungiyoyin taimakon juna da na ƙwadago, a nan a ke neman aiki, a nan a ke jin labari, har ma a wani zamani a nan a ke zaman binciken mutuwar da aka yi shakkar dalilinta.

Saboda haka Ingilishi ya ɗauki waɗannan gidaje kayan gado. A Landan akwai wanda a ke kira Ye Olde Cheshire Cheese, wanda aka sake ginawa a 1667 bayan babbar gobarar 1666, kuma ana alfahari da cewa marubucin nan Charles Dickens ya zauna a cikinsa. A 2015 wani kamfani ya rushe wani gidan mai suna Carlton Tavern ba da izini ba. Hukumar yankin ta tilasta a sake gina shi daidai yadda ya ke a da, aka kuma buɗe shi a 2021. Abin lura a nan shi ne, ba ruwan da ke cikin kwalba su ke karewa ba, domin ana samunsa a kowane kanti. Wurin zaman su ke karewa. To, ina Bahaushe ya ajiye nasa wurin zaman?

Giya a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littafin tarihin Kano, da ya zo lissafa manyan mutanen da ke tare da Barbushe a gindin dutsen Dala, ya ambaci maƙeri, da mai magani, da mai gadin gari, da maharbi, ya kuma ambaci Bugazau, wanda aikinsa dafa giya. Watau a wancan zamani dafa giya sana'a ce mai shugaba, kamar ƙira. Wannan hali ya daɗe a wurin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, da Arnan ƙasar Maraɗi, kamar yadda masu bincike irin su Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, suka bayyana. Da giya a ke sallamar 'yan gayya, da ita a ke biki da makoki, ita a ke zuba wa iskoki a wurin tsafi.

Yadda a ke yin ta yana da muhimmanci ga abin da a ke magana a kai. A kan jiƙa dawa, a baza ta a inuwa a rufe har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sa'an nan a ajiye ta ta tashi. Aikin ya kan ci kusan mako guda, kuma aikin mata ne, ribarsa ma tasu ce. Amma burukutu ba ta ajiyuwa. In ta kai, kwana ɗaya ko biyu ta lalace. Saboda haka macen da ta dafa dole ta tara mutane su shanye a rana ɗaya, a ƙwarya ɗaya ana zagayawa da ƙoƙo. Ashe ke nan giyar gargajiya ba abar shan mutum ɗaya a ɗaki ba ce. Ita da taro tare su ke tafiya.

Musulunci ne ya fara raba su. Wangarawa sun zo Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya rubuta masa wasiyya, inda ya umurce shi ya hana shan giya, ya kuma hana waɗanda ba Musulmi ba bayyana irin waɗannan abubuwa a kasuwanni da wuraren da Musulmi ke taruwa. A lura da wannan sosai, domin a nan aka ja layin da ya wanzu shekaru ɗari biyar: giya ta fita daga idon jama'a, ta koma ƙauye da bayan gari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ci da sha ba tare da kula da halal da haram ba a cikin laifuffukan sarakunan Hausa. Bayan jihadin da aka fara a 1804 layin ya ƙara ƙarfi. Maguzawa suka ci gaba da dafa giyarsu a ƙauyukansu suna biyan jiziya, birni kuwa ya zama wurin da ba a buɗe mata ƙofa.

Jirgin Ƙasa, Tasha da Bariki

Abin mamaki shi ne, Turawa da suka zo ba su goge layin nan ba, ƙara kaurara shi suka yi. A taron da ƙasashen Turai suka yi a birnin Burasels a 1890 an amince a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, musamman ƙasashen Musulmi. Gwamna Lugga ya bi wannan a Arewa, alhali kuwa a Kudu harajin barasa shi ne kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, Haɗeja kuwa sai a 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu a cikinsa. Dokar barasa ta 1917 ta kasa Nijeriya zuwa yankunan da aka hana, da waɗanda aka taƙaita, da waɗanda a ke ba da lasisi, garuruwan sarakunan Arewa kuwa suka faɗa cikin na hani.

Amma hannun da ya rubuta dokar shi ne ya shimfiɗa hanyar dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka kafa Sabon Gari a wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da Gana da Saliyo. Kano ta zama gari uku a wuri ɗaya: birni a cikin ganuwa, unguwar Turawa, da Sabon Gari. Gidajen sha ma suka kasu uku daidai da darajar masu shiga. Bature yana da kulob, inda baƙar fata ba ya shiga sai in shi ne mai hidima. Akawu yana da hotal a Sabon Gari, mai kujeru da garmaho da giyar kwalba. Lebura da soja da ɗan dako suna da gidan burukutu, mai benci da ƙwarya. Da aka fara yin giyar Star a Legas a 1949, aka kuma buɗe masana'antarta a Kaduna a 1963, kwalba ta yi araha, ta fara danne ƙwarya.

Wannan tsari bai tsaya a Kano ba, ya bi dogo. Reshen da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa ya isa Nguru a 1930. Kowace tasha ta jawo mutanen da ba 'yan ƙasa ba: shugaban tasha da ma'aikatansa, akawun kamfani, ma'auna gyaɗa da fata da ƙaro, 'yan baranda, leburori, da masu raƙuma da jakuna da ke kwana suna jiran awo. Duk inda baƙi maza suka taru da kuɗi a aljihu ba tare da iyali ba, masu abinci su kan biyo, da gidajen haya, da gidajen mata masu zaman kansu, da gidajen sha. Birnin Haɗeja kansa dogo bai ratsa shi ba. Tasharsa tana Malam Madori, 'yan mila kaɗan daga gari. Ta haka tsohon layin nan na Shaihu Magili ya sami sabuwar siffa a ƙasar Haɗeja: fada da masallacin Jumma'a a wuri ɗaya, tasha da baƙinta a wani.

Harshe ya riƙe shaidar wannan. Kalmar bariki asalinta mazaunin soja, amma ta faɗaɗa ta zama sunan wata irin rayuwa, har aka sami ɗan bariki da barikanci da zaman bariki, aka kuma yi mata kirari da lahirar makwaɗaita. Tasha wurin tsayawar jirgi ce, amma a ce wa yaro ɗan tasha zagi ne. Bahaushe bai ce wane mashayi ne kurum ba, sai ya haɗa halin da wuri, kamar dai giya tana da unguwarta.

Ba kuwa sha kaɗai a ke yi a waɗannan gidaje ba. A gidajen magajiya da hotal-hotal ne kiɗan goge da kukuma ya sami masu biya, bayan malamai sun ƙyamace shi, fada kuma ba ta buƙatarsa. A nan Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Babarbare suka zauna benci ɗaya, suka yi ciniki da Hausar bariki. Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, matan aure suna kulle, saboda haka da yawa daga matan da suka fara fitowa taron jam'iyya, suna waƙa suna tara jama'a, daga irin waɗannan gidaje suka fito, ƙarƙashin magajiyoyinsu. Wanda zai rubuta tarihin kiɗa, ko na ƙwadago, ko na siyasar Arewa, in ya tsallake wannan unguwa, littafinsa zai fito da giɓi. A ɗaya gefen kuma, a nan albashi ya kan ƙare kafin goma ga wata, a nan kuɗin gyaɗar shekara ya kan narke a mako guda, a nan aure da yawa ya mutu. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun tarihi ne.

Abin da Adabi ya Adana

Ɗan ƙasar nan ne ya yi wa giya shahararriyar waƙar rubutu ta zamanin. Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta wanda ya rasu a 1958, yana da waƙa a kan giya da wata a kan karuwa a cikin littafin waƙoƙinsa. Zuwan su biyun tare ba haɗari ba ne. Unguwa ɗaya ya ke kallo. Kuma da ya ke shi kansa ɗan boko ne mai kiran mutane zuwa ga ilmin zamani, damuwarsa a fili ta ke: kada ma'aikacin da ya sami albashi ya ɗauka cewa kwalba tana cikin kayan wayewa, kamar agogo da keke. Wasan kwaikwayon Uwar Gulma na Mohammed Sada ya nuna ɗaya fuskar, watau matar da ke zaune a gida tana jiran mijin da zai dawo a buge.

A gefe guda kuma ga Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da waƙarsa da aka sani da A Sha Ruwa, wadda ta fito daga cikin taron mashayan kansu, ta kuma jawo masa suka daga malamai. Sunan waƙar ma darasi ne, domin ko a bakin masu shan ba a kiran abin da sunansa, sai a ce ruwa, ko kwalba. Amma kalmomin maye suna da yawa: ya bugu, ya yi tatil, ya yi mankas, ya yi marisa. Har wanda bai taɓa ganin tukunyar burukutu ba ya san giyar mulki da giyar kuɗi, ya kuma san cewa akwai wautar da ko giyar wake mutum ya sha ba zai yi ta ba. Harshe ba ya tara kalmomi haka a kan abin da jama'a ba su sani ba.

Rufewar Ƙofa

Dokar manyan laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya, amma ta bar gidajen da ke da lasisi. Haka aka tafi har bayan da aka cire jihar Jigawa daga Kano a 1991. Babban canji ya zo ne bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi wannan hanya, Kano da Jigawa duka a shekarar 2000. Kano ta kafa hukumar Hisba a 2003, ta yi dokar hana sayar da giya a 2004, a 2013 kuma aka farfasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a a rana ɗaya. A ƙananan garuruwan tasha kuwa, tun kafin doka ta iso kasuwar ta riga ta mutu. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun karya cinikin da ya tara baƙin, mota ta ƙwace wa jirgi kaya da fasinja, baƙin suka watse.

Jama'a sun zaɓi wannan hanya bisa addininsu, kuma ba aikin wannan lacca ba ne ta ja da su. Amma kowane Bafillace a fadamar Haɗeja ya san abu guda: idan aka toshe mashaya, ƙishirwar shanu ba ta gushewa, gona su ke faɗawa. Maye bai ƙare da rufe gidan giya ba, siffa ya sake. Ya koma maganin tari mai kodin, da ƙwayar tiramadol, da sholisho, abubuwan da ba su buƙatar gida ko benci, kuma suna shiga har ɗakin matan aure. A 2018, bayan wani rahoton binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a kan shekarar 2017 ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya. Mashayin da, ko ba kome, yana da idon da ke kallonsa. Na yanzu shi kaɗai ne a kango.

Inda Hira ta Zauna

Yanzu sai a koma ga tambayar da aka bari a baya. Aikin da gidan sha ya yi wa Ingilishi, a ƙasar Hausa zaure ne ya yi shi, da dakalin ƙofar gida, da gindin ɗurumi ko ceɗiya, da dandali ga samari. Abin da a ke zagayawa da shi kuwa goro ne, wanda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Gwanja. Goro yana wartsake jiki, yana hana barci, yana buɗe baki, ana ɓara shi a raba, kuma malami da sarki da talaka duk suna ci ba kunya. Sai dai zaure yana da mai shi, kuma zama a cikinsa bisa girma ne: wani a kan buzu, wani a kan tabarma, wani a bakin ƙofa. Baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da zaure.

Teburin mai shayi ne ya cike wannan gurbi. Shayi ya shigo ta hanya biyu. Ta hamada Larabawa da Buzaye suka kawo ɗanyen ganye da 'yar buta a kan gawayi, da al'adar dafawa sau uku ana sha a ƙananan kofuna. Ta kantin kamfani kuma aka sami Lipton da madarar gwangwani da sukarin ƙwaya da burodi. Na biyun ne ya kafa tebur a tasha da bakin kasuwa da ƙofar asibiti: dogon tebur da benci a kowane gefe, gwangwanaye a jere kamar ganuwa, babbar tukunya a kan wuta, da mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa a wani don ya huce. Mai hali ya ce a haɗa masa mai kauri da ƙwai, marar hali ya ce a ba shi ruwan bunu, amma benci ɗaya su ke zaune.

Idan aka auna, kusan duk abin da aka lissafa a kan gidan sha na Ingila yana nan. Akwai bashi, domin mai shayi ya san wanda albashinsa ya makara. Akwai masauki, domin shi baƙo ke fara tambaya hanya, a wurinsa a ke barin saƙo da ajiya. Akwai neman aiki, domin a nan magini ke samun lebura. Akwai labari: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, mai karatu ɗaya ya kan karanta wa goma, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma rediyon da ke rataye a rumfar mai shayi ya mai da direba da ɗan dako masu sharhi a kan siyasar duniya. A Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1990, samarin Damagaram da Maraɗi da Yamai sun kafa majalisun shayi da su ke kira fada, kowace da sunanta da shugabanta da asusunta. Kalmar da a da ta ke nufin wurin zaman sarki, yanzu marasa aikin yi sun ɗauke ta sun raɗa wa tabarmarsu.

Ba a ce wurin ba shi da aibi ba. Na maza ne zalla. Hirar mata tana gidan biki da gidan kitso da tsakar gida, kuma ita ma tana jiran mai rubuta tarihinta. Gulma tana yawa, har idan a na so a ƙaryata magana sai a ce zancen teburin mai shayi ne. Jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ba a ofis kaɗai ta yaɗu ba. Amma wannan ma shaida ce ta ƙarfin wurin, domin inda ƙarya ke saurin tafiya, nan gaskiya ma za ta yi sauri in an kai ta.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani kashi biyu ne. Na farko ya shafi ɗalibai. Gidan sha na tasha da Sabon Gari wani babi ne na tarihin ƙasar nan, kuma masu iya ba da labarinsa, watau tsofaffin ma'aikatan reluwe, da makaɗa, da ma'auna gyaɗa, da direbobi, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Takardun lardi suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, amma takarda ta Bature ce, abin da ɗan sanda da alƙali suka gani kawai ta ƙunsa. Sauran yana bakin tsofaffi. Rubuta abu ba yarda da shi ba ne; da marubucin tarihin Kano ya ji kunyar ambaton Bugazau, da yau ba a san shi ba. Ɗalibin da ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya bi tashoshin dogo daga Ringim zuwa Nguru, yana tattara kalmomi da labarai, yana kuma sakaya sunan wanda ya nemi a sakaya, zai dawo da abin da babu shi a kowane ɗakin karatu.

Na biyu ya shafi ma'aikata, musamman masu tsara gari da masu ba da izinin gini da na kasuwanci. Gidajen da a ke ginawa yanzu katanga ce da ƙofar ƙarfe, ba zaure, ba dakali. Idan za a faɗaɗa hanya, itacen inuwa da rumfar mai shayi su ne farkon abin da katafila ke ɗauka, ba kuwa wanda ke rubuta asararsu a fayil, domin ba su da takardar mallaka. Tsadar sukari da madara da burodi, musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, ta rage masu zama a benci, wayar hannu kuma ta sa waɗanda suka zauna ma kowa ya sunkuyar da kai. Al'ummar da ta rufe ƙofar haram, nauyi ne a kanta ta bar ƙofar halal a buɗe. Saurayin da ke da majalisa yana da wanda zai tambaye shi ina ya kwana jiya. Wanda ba shi da ita kuwa, ba mai lura da ranar da ya fara lalacewa. Saboda haka idan aka zo zana sabuwar unguwa a Birniwa ko Haɗeja ko Dutse, bayan an fitar da filin masallaci da makaranta da kasuwa, ya kamata a bar wani ɗan fili a mahaɗar hanya, a dasa itace, a ƙyale mai tebur ya kafa teburinsa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke, amma ƙafar nan tana bukatar inda za ta je ta zauna.